Huffi ne, ko shafi, ko safa?

Wata Asabar cikin watan Janairu ɗan yayata ya shigo gidana a Croydon riƙe da leda, ya zazzage wasu baƙaƙen abubuwa biyu a kan darduma. Ga su dai kamar takalma, dogaye har ƙwauri, da igiyar ɗauri, amma in ka danna su da yatsa sai su lotsa. Mahaifiyarsa tana kan waya daga Katsina, ta ji ana ambaton kuɗi, ta tambayi abin da ya saya haka. Yaro ya buɗe baki ya rufe, ya miƙo min wayar.

"Kawu, kai ka faɗa mata. Ni ban san sunansa da Hausa ba."

Ni ma na yi turus. Na ce wa Yaya ta ba ni mako guda.

Yaron ya kamu da son wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Croydon ba ta da tsauni, dusar ma sai ta ga dama take sauka, amma daga tashar East Croydon jirgin ƙasa yana kai mutum filin jirgin sama na Gatwick cikin ƙasa da rabin awa, daga can sai tsaunukan Alps. Takalmin wasan kashi biyu ne. Na waje roba ce mai tauri da ƙarafan ɗaurewa, yawanci huɗu. Faransawa suna kiransa coque, wato ɓawo, Italiyawa kuma scafo, gangar jikin jirgin ruwa. Ɓawo ya ishe mu. Kafin Ba'amurke Bob Lange ya fito da na roba a shekarun 1960, da fata ake yin takalmin, ta yadda da an nuna wa badukun Kano ba zai ga baƙon abu ba. Na ciki, mai laushin nan da ake zarowa, shi ne ya hana ni barci.

Sunan da Turawan Ingila suka ba shi ma'anarsa abin da ake shimfiɗa wa cikin tufa, don haka kalmar da ta fara zo min ita ce shafi, irin na babbar riga. Ta yi daɗin faɗa, amma tana yaudara. Shafi a ɗinke yake da riga, tare suke tsufa, ba wanda ya taɓa shiga kasuwa sayen shafi shi kaɗai. Wanda ya ɗauki abin nan a matsayin shafi, ranar da abin ya mutu sai ya yar da takalmin gaba ɗaya, alhali ɓawon yana da sauran shekaru a gaba.

Yaron ya ce to mu ce safa. Wannan ta fi muni. Akwai safar gaske, siririya, da ake sawa a cikinsa. Kuma Bahaushe in ya ji safa ga sanyi, tunaninsa ya ninka biyu ko uku, wanda shi ne kuskuren da masu gwada takalmi a shago suka fi yi wa sababbi faɗa a kai: safa mai kauri tana tattarewa, ta matse jijiya, ƙafa ta ƙara yin sanyi.

Wani abokina mutumin Maradi, da muke haɗuwa a masallacin Croydon da ke kan London Road, ya ce su da Faransanci chausson suke ji ana cewa, sunan takalmin zaman ɗaki mai laushi. Jamusawa suna cewa Innenschuh, takalmin ciki. Italiyawa scarpetta, ƙaramin takalmi. Duk ukun sun yarda da abu ɗaya, cewa takalmi ne mai zaman kansa da aka sa a cikin wani. Sai dai in na ce wa Yaya takalmin ciki, sau-ciki za ta gani a ranta.

A ƙofar masallacin nan amsar ta zo, ina kallon wani dattijo yana zare ƙafa daga takalminsa, ya taka kafet da huffi. Kalmar daga Larabci muka aro ta, kuma ta daɗe a bakinmu. Huffi mai laushi ne, ya rufe idon sahu, ana sa shi cikin wani takalmi, ana sayensa daban, kuma in ya kwana biyu yakan ɗauki siffar ƙafar mai shi har ba ya yi wa wani daɗi. Masu tsere ma haka suke yi da nasu: su fara ɗaure na cikin a ƙafa, sannan su tura ta cikin ɓawo.

Abokina bai yarda nan take ba. Ya tuna min cewa a littattafan Malikiyya huffin da ake shafa a kansa wajen alwala sharaɗinsa ya zama na fata, ɗinkakke, wanda ake iya tafiya da shi, wannan kuwa yawancinsa soso ne da yadi. Gaskiyarsa. Hukuncin shafa na malamai ne, ni suna kawai nake nema, kuma mun saba cewa tukunya ko da ta ƙarfe ce.

Saura kalma ta biyu, wadda ta fi ba ni wuya. Abin da yaron ya saya ba tare da takalmin ya zo ba, wani kamfani daban ne ya yi shi. A Ƙofar Ruwa ta Kano mai sayen kayan mota ya san na kamfani, ya san jabu, ya san na hannu. A wannan lissafin na kamfani ne sarki, duk abin da ya biyo baya ƙasa yake da shi. A nan kuwa abin ya juye. Huffin da ya zo da takalmi shi ne sau da yawa mai saurin mutuwa. Na musanyar sabo ne dal, ba kwaikwayo ba ne, wani ma kuɗinsa ya kusa na takalmin kansa. Huffin musanya na sa masa, don kada a ji ƙanshin jabu.

Mutuwar huffin ma muna da kalmarta. Turawa suna da tasu, amma duk wanda ya taɓa kwana a tsohuwar katifa ya san abin da ake nufi in aka ce soso ya kwanta. Sai diddige ya riƙa ɗagawa, mutum ya ƙara matse ƙarafa, yatsu su mutu.

Na musanyar iri uku ne, kuma aikin da ake yi musu shi ya ba ni sunayensu. Akwai na gashi, wanda kamfanin Intuition na birnin Bankuba a Kanada ya yi suna a kai: a ɗumama shi a tanda har ya yi laushi, a rufa wa yatsu 'yar hula don su samu sarari, mutum ya tsaya cikin takalmi kamar minti goma har ya huce a kan siffar ƙafarsa. Ba nauyi, ga ɗumi, ana iya sake gasa shi, amma soso ne, wata rana zai kwanta. Akwai na ɗura, irin na Sidas ta Faransa da Surefoot ta Amurka: a haɗa sinadari biyu, a ɗura ta bututu ƙafa tana ciki, su kumbura su daskare. Ya fi kowanne kama ƙafa, sai dai zubi ɗaya ne, in an kuskure an kuskure. Sai na ciko, na ZipFit, wanda Sven Coomer ya ƙirƙira: aljihuna ne cike da garin ɓawon bishiyar nan da ake toshiyar kwalba da shi, haɗe da maiƙo. Ba ya kwantawa kamar soso, matsawa yake yi inda ƙafa ta tura shi, in ya yi sako-sako a ƙara ciko. Yana da tsada, ga nauyi, kuma yakan ga bayan ɓawo fiye da ɗaya.

Yaron na ciko ya saya. Na sa shi ya tura ƙafa zalla cikin ɓawon, yatsu suna taɓa gaba, na zura yatsana bayan diddigensa. Yatsa ɗaya da ɗan kai ya shiga. Da biyu sun wuce a sake, da asarar kuɗi ya yi, domin babu huffin da ke gyara ɓawon da ya yi wa ƙafa yawa.

Da mako ya cika na kira Katsina.

"Yaya, huffi ne. Huffin musanya, na ciko."

Ta yi shiru, sannan ta ce huffin da ya ci wannan kuɗi sai a bar wa jikoki gado. Ba ta sake tambayar ko mene ne ba, don haka sunan ya zauna: huffi.