Sarkin Gobir Yunfa da Yadda Alƙalawa Ta Zama Kufai

Duk wanda ya tashi a ƙasar Isa da Sabon Birni, ko a Tozai ne ko a wani ƙauye na bakin gulbi, ya san cewa idan dattawa suka shimfiɗa tabarma bayan sallar isha'i aka shiga labarin Gobir, sunan Bawa Jan Gwarzo ne yake cika baki, amma da zarar hira ta iso kan Yunfa ɗan Nafata sai murya ta yi ƙasa, a taƙaita magana a wuce. Alhali kuwa a cikin 'yan shekarun sarautarsa, waɗanda ba su wuce biyar ko shida ba, aka yanke ƙaddarar wannan ƙasa tamu, kuma daga faɗuwarsa ne gidan sarautar Gobir ya rabu har aka sami Tsibiri da Sabon Birni.

Gadon da Yunfa ya hau ba tsohon gado ba ne a wannan wuri. Gobirawa sun gangaro ne daga Asbin sannu a hankali, suka zauna Birnin Lalle, har zuwa zamanin Sarki Babari, wanda ya kafa Alƙalawa a gefen Gulbin Rima a tsakiyar ƙarni na 18, a kan filin da ruwaya ta ce gonar alƙalin Zamfara ce, daga baya kuma ya juya ya ci Birnin Zamfara da yaƙi. Mulkin da aka kafa da takobi a ƙasar masu masauki kuwa ba ya rabuwa da tsaro, domin Zamfarawa ba su manta ba, Katsinawa ba su yarda ba, talakawa da makiyaya kuma su ne suke ɗaukar nauyin dawakin barade ta hanyar haraji da jangali. Sarki Bawa ya iya riƙe wannan duka saboda kwarjininsa da kuma hikimarsa, har ma lokacin da ya tara malamai a Magami ranar Babbar Sallah, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar kyautarsa ya nemi a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, a saki 'yan sarƙa, a sassauta wa talakawa, sarkin ya amince bai yi gardama ba. Bayan rasuwar Bawa magajinsa Yakuba ya faɗi a yaƙin Kiyawa, Sarki Nafata kuma, da ya ga jama'ar Shehu a Ɗegel tana ƙaruwa kullum, sai ya sa aka yi shela cewa ban da Shehu kada kowa ya yi wa'azi, kada ɗa ya bar addinin ubansa, kada namiji ya naɗa rawani, kada mace ta yi lulluɓi. Wannan wuta ce Yunfa ya tarar tana ci ƙarƙashin toka sa'ad da aka naɗa shi wajen shekara ta 1803.

Abin da ya fi taɓa zuciyata a tarihinsa shi ne cewa Shehu ba baƙo ba ne a gare shi, domin ruwayoyi sun nuna akwai sanayya da girmamawa tsakaninsu tun yana ɗan sarki, kuma a farkon sarautarsa ya je Ɗegel gaisuwa. Sai dai sarki ba shi kaɗai yake sarauta ba. Yana da fadawa da sarakunan karaga waɗanda suke ganin cewa kowane rawani da aka naɗa a Ɗegel mutum ɗaya ne ya fita daga hannun Alƙalawa. A watan Ramalana na 1218 Hijiriyya rundunar Gobir ta faɗa wa Gimbana, inda Malam Abdussalami, almajirin Shehu, ya yi ƙaura da mutanensa, aka kashe na kashewa aka kama na kamawa, kuma da aka biyo da kamammun ta kusa da Ɗegel sai jama'a suka tare hanya suka kwance su. A ganina nan ne Yunfa ya yi kuskuren da ba shi da gyara, domin wanda ya taɓa malamai da almajiransu a cikin watan azumi ya ba abokan hamayyarsa hujjar da ba su da irinta a da. Yunfa ya aika wa Shehu da ya fita shi da iyalinsa ya bar jama'a, Shehu ya amsa cewa ba zai rabu da jama'arsa ba amma zai bar masa ƙasarsa, ranar 21 ga Fabrairu 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, inda aka yi masa mubaya'a a matsayin Amirul Muminina.

Ranar 21 ga Yuni 1804 aka haɗu a Tafkin Kwatto. Yunfa ya zo da barade masu lifidi da sulke da taimakon Abzinawa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuma yana jagorantar rundunar Shehu wadda mafi yawanta 'yan baka ne masu tafiya a ƙasa, amma kafin rana ta yi sanyi dawakin Gobir sun juya, sarki ya bar kayansa a fagen fama. Masu ba da labari sukan tsaya nan kamar dai komai ya ƙare, alhali wannan mutum da aka kora a damina ya sake tara runduna, a ƙarshen shekarar nan ya gamu da jama'a a Tsuntsuwa, kusa da birninsa, inda aka ruwaito cewa wajen mutum 2,000 sun yi shahada, 200 daga cikinsu mahaddatan Alƙur'ani. Shekara huɗu ya riƙe ganuwar Alƙalawa ana kawo hari ana komawa, Birnin Kabi ta faɗa hannun jama'a a 1805, Katsina da Kano suka bi baya, shi kuwa yana nan bai gudu ba bai kuma miƙa wuya ba, har ranar 3 ga Oktoba 1808 da rundunar Muhammadu Bello ɗan Shehu ta shiga birnin, aka kashe shi a ciki tare da jarumansa.

Gobirawa ba su ajiye makami ba saboda mutuwarsa. Sarkin Gobir Ali ya faɗi a yaƙin Gawakuke a 1836, Sarki Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya Ɗan Halima ya rabu da 'yan'uwansa ya dawo kusa da tsohon birni ya kafa Sabon Birni, a Isa kuwa zuriyar Bello suka riƙe ribaɗi da sarautar Sarkin Gobir. Mafi yawan abin da aka rubuta game da Yunfa ya fito ne daga alƙalamin waɗanda suka yaƙe shi, Bello a Infaƙul Maisuri da Abdullahi a Tazyinul Waraƙati, malamai ne adalai amma ɓangare ɗaya suka tsaya. Saboda haka ina roƙon matasanmu masu karatun tarihi, daga Tozai har Sabon Birni, su zauna gaban dattawa da makaɗan fada su rubuta ruwayar Gobirawa a kan wannan sarki tun masu riƙe da ita suna da rai.