Ƙarar Da Ta Kayar Da Gwamnati: Shari'ar Campbell Ta 1924

Ba kasafai ake jin cewa janye ƙara guda ɗaya daga ƙaramar kotu ya yi sanadin faɗuwar gwamnati sukutum ba. To amma an yi haka a ƙasar Birtaniya cikin shekarar 1924, kuma wanda aka yi rigimar a kansa ba wani ƙusa ba ne, editan wata 'yar jarida ce ta mako-mako, shi ma ɗin riƙon ƙwarya yake yi. Mun ga ya dace mu kawo wa mai karatu wannan labari domin kujerar da aka yi ta ja-in-ja a kanta, wato ta Babban Lauyan Gwamnati, ita ce muka gada daga Turawa a Nijeriya, tare da tambayar da ke rataye a wuyanta: shin wa ke da ikon cewa a kai wane kotu, ko a ƙyale wane?

A watan Janairu na 1924 ne jam'iyyar Leba ta kafa gwamnati karo na farko, ƙarƙashin Firayim Minista Ramsay MacDonald. Gwamnati ce mai tsayuwar ƙafa ɗaya, domin kujeru 191 kacal gare ta cikin 615 na Majalisar Wakilai, sai da goyon bayan jam'iyyar Libaral take numfashi. 'Yan Mazan Jiya kuwa, waɗanda suka fi ta yawan kujeru, kullum zarginta suke yi da ƙawance da 'yan gurguzu, balle da ta amince da gwamnatin Tarayyar Sobiyet, ta kuma shiga tattauna yarjejeniya da ita. Wanda MacDonald ya naɗa Babban Lauyan Gwamnati shi ne Sir Patrick Hastings, gwanin lauya a gaban alƙali, amma baƙo a siyasa, don sai a 1922 ya fara shiga majalisa.

Ran 25 ga Yuli, jaridar Jam'iyyar Kwaminis ta Birtaniya mai suna Workers' Weekly ta buga wata buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga sojoji, tana kiran su da kada su yarda su juya bakin bindiga kan 'yan uwansu ma'aikata. Daraktan gabatar da ƙararraki, Sir Archibald Bodkin, ya kai wa Hastings maganar, shi kuwa ya ba da izinin a gurfanar da editan, John Ross Campbell, bisa wata tsohuwar doka ta 1797 wadda ta hana zuga sojoji su yi tawaye. Aka kama Campbell a farkon Agusta.

Ran 6 ga Agusta da maganar ta taso a majalisa, sai 'yan Leba na kujerun baya suka yi caa a kan gwamnatinsu. Yaya za a ce gwamnatin ma'aikata ce ke ɗaure mutum don ya ce kada a harbi ma'aikata? A ranar ne kuma Hastings ya sami labarin abin da bai sani ba sa'ad da ya ba da izini. Ashe Campbell edita ne na wucin gadi, kuma tsohon soja ne da ya yi Yaƙin Duniya na Farko, ya sami mummunan rauni a ƙafafunsa, har aka ba shi lambar jarumtaka. Duk lauyan da ya san aikinsa zai gane cewa da wuya masu taya alƙali yanke hukunci su kama irin wannan mutum da laifin zuga sojoji, kuma shari'ar talla ce kawai za ta zame wa 'yan gurguzu.

Har zuwa nan babu abin zargi. Lauya ya ga sabuwar hujja ya sake tunani, wannan ai aikinsa ne. Inda gizo ke saƙar shi ne, a yammacin wannan rana Hastings ya gana da MacDonald, sa'an nan aka kira shi zaman Majalisar Ministoci, aka tattauna maganar. Rubutaccen bayanin zaman ya nuna an tsai da abu biyu: a bi hanyar da Babban Lauya ya nuna game da Campbell, kuma daga yau kada a sake shigar da wata ƙara mai alaƙa da siyasa sai an fara neman yardar Majalisar Ministoci. Ran 13 ga Agusta lauyan gwamnati Travers Humphreys ya tashi a kotun majistare ta Bow Street da ke Landan ya janye ƙarar, yana mai cewa an kawo bayani cewa manufar wasiƙar ba zuga sojoji ba ce, sharhi ne kawai kan amfani da soja wajen murƙushe yajin aiki. Bai faɗi wanda ya kawo bayanin ba. Su kuwa 'yan Kwaminis, maimakon su yi godiya su yi shiru, sai suka shiga shelar cewa matsin lambar 'yan Leba ne ya tilasta wa gwamnati ja da baya.

A ganinmu janye ƙarar daidai ne, tun farko ma bai kamata a shigar da ita ba. Amma mai karatu ya lura, hukunci na iya zama daidai alhali hanyar da aka bi aka yanke shi gurɓatacciya ce. Lauyan gwamnati ba kamar lauyan ɗan kasuwa ba ne, wanda idan mai ƙara ya ce a janye sai a janye. Albashinsa daga gwamnati yake fitowa, amma idan ya tsaya gabatar da ƙarar laifi, da sunan jama'a baki ɗaya yake tsayawa, har da waɗanda ba su zaɓi gwamnatin ba, kai har da shi wanda ake tuhuma. Da zarar ya shigar da fayil ɗakin da ministoci ke lissafin ƙuri'u, ko da shi ne ya yanke shawarar da kansa, to ba shi da sauran hanyar da zai gamsar da mutumin kan titi cewa ba umarni aka ba shi ba. Hastings ya yi ta nanata cewa shawarar tasa ce shi kaɗai, kuma mai yiwuwa ne gaskiya ya faɗa, sai dai takardar zaman ministoci ta riga ta ɓata masa shaida.

Dada sai MacDonald ya ƙara wa wutar fetur. Ran 30 ga Satumba ya shaida wa majalisa cewa ba a shawarce shi ba, ko wajen shigar da ƙarar ko wajen janye ta. Wannan magana ba ta dace da abin da ya faru ba, kuma da ya zo gyara ta daga baya sai ya ƙara dagula al'amarin. Ran 8 ga Oktoba 'Yan Mazan Jiya suka kawo ƙudurin Allah-wadai, Libaral kuma ta bakin Sir John Simon suka nemi a kafa kwamitin bincike. MacDonald ya ce ko wanne aka zartar, ya ɗauka an yanke ƙauna da gwamnatinsa. Aka zartar da na Libaral da ƙuri'a 364, masu ƙi 198. Aka rushe majalisa, aka yi zaɓe ran 29 ga Oktoba, kwana huɗu bayan jaridar Daily Mail ta buga wasiƙar nan ta jabu da aka jingina wa Zinoviev na Sobiyet. Leba ta koma kujeru 151, Libaral da suka haƙa ramin suka rufta ciki da kujeru 40, Stanley Baldwin na 'Yan Mazan Jiya ya karɓi mulki da gagarumin rinjaye. Gwamnatinsa ta soke wancan umarni na neman yardar ministoci, shi kuma ya bayyana shi a majalisa da cewa ya saɓa wa tsarin mulki, ya kuma zubar da ƙimar kujerar Babban Lauya.

Kada mai karatu ya yi saurin tafa musu. Cikin 1925, a ƙarƙashin wannan gwamnati ta Baldwin, aka kama shugabannin Kwaminis goma sha biyu, har da Campbell, aka tuhume su, ciki har da tuhuma bisa wannan doka ta 1797, Babban Lauya Sir Douglas Hogg ne da kansa ya jagoranci ƙarar. Campbell ya sha ɗaurin wata shida. Wannan karon gwamnati ba ta girgiza ba. Abin da ya ba mu tunani a nan shi ne, idan ana zargin siyasa ta sa an janye ƙara kowa yakan gani ya yi kururuwa, amma ƙarar da ta yi wa masu mulki daɗi, da wuya a ji mai tambayar daga ina ta faro, musamman idan wanda ake tuhuma ba shi da farin jini.

Sai a Janairun 1951 aka sami wanda ya shata iyakar a fili, wato Sir Hartley Shawcross, Babban Lauyan wata gwamnatin Leba, wanda ya jagoranci lauyoyin Birtaniya a shari'ar 'yan Nazi ta Nuremberg. Ya bayyana wa majalisa cewa Babban Lauya na iya tuntuɓar abokan aikinsa ministoci don su sanar da shi abin da ya shafi maslahar jama'a, wani lokaci ma wauta ce ya ƙi tuntuɓarsu, amma ba su da ikon gaya masa abin da zai yanke, kuma ba shi da damar ɗora musu nauyin abin da ya yanke. Wato kunnensa na kowa ne, sa hannun nasa ne shi kaɗai.

Mu a nan gida, tsarin mulkin 'yancin kai na 1960 ya ba Daraktan gabatar da ƙararraki 'yancin aiki ba tare da karɓar umarni daga kowa ba, amma na Jamhuriya na 1963 ya sa shi ƙarƙashin Babban Lauya. A 1983, cikin shari'ar Ilori wadda ta taso daga Jihar Legas, Kotun Ƙoli ta yanke cewa idan Babban Lauya ya janye ƙarar laifi, kotu ba ta da hurumin tambayarsa dalili, abin da zai taka masa birki shi ne ra'ayin jama'a da kuma wanda ya naɗa shi. To ga shi kuwa wanda ya naɗa shin ne ake tsoron ya sa baki. Tsarin mulkin 1999 ya ci gaba a kan haka: sashe na 174 ya ba Babban Lauyan Tarayya ikon shigar da ƙara, ko karɓe ta daga hannun wani, ko janye ta kafin a yanke hukunci, ya kuma umarce shi ya kula da maslahar jama'a da adalci da hana wasa da shari'a. Sashe na 150 kuwa ya ce shi wannan mutum minista ne a gwamnati. An yi yunƙurin raba kujerun biyu cikin gyaran tsarin mulki da Majalisar Tarayya ta zartar, amma a 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙi sa wa gyaran hannu, kuma wannan rabawa na cikin abubuwan da ya ce bai amince da su ba.