Ƙara Ƙarfin Na'urorin Leza don Nazarin Filasma, da Rabon Ƙasar Arewa a Cikinsa

Muƙaddima

Masana ɗabi'a sun yi ittifaƙi a kan cewa bayan daskararre da ruwa da iska akwai hali na huɗu, wato filasma, wanda abu ke shiga idan zafi ya tsananta har ƙwayoyin zarra suka rabu da lantarkinsu, kuma da shi aka halicci rana da taurari. Tun da Maiman ya ƙera leza ta farko a 1960, himmar malamai ba ta gushe ba wajen neman hasken da zai haifar da wannan hali a ɗakin bincike.

Bahasi

Mas'alar da ta daɗe tana tauye su ita ce, hasken da ya kai ƙarfin da ake bukata yakan fasa gilashin da ke ƙarfafa shi, har sai da Donna Strickland da Gérard Mourou suka zo da dabararsu a 1985, wadda ta ba su kyautar Nobel a 2018: a miƙe walƙiyar ta yi tsawo, a ƙarfafa ta tana a miƙe, sa'an nan a dunƙule ta daf da abin hari. Wanda ya ga ruwan kori yana gangarowa daga duwatsun Dogondutsi da damina ya san cewa ruwan da ya bazu a fadama ba ya cin gaɓa, sai wanda ya taru a ƙunci.

A Livermore ta Amurka, ranar 5 ga Disamba 2022, an haɗa haskoki 192 a cikin ɗan bututun da ke ɗauke da ƙwanson da faɗinsa kimanin milimita 2 ne, aka zuba makamashi megajul 2.05, aka sami 3.15 daga haɗewar ƙwayoyin zarrar da ke cikin ƙwanson. Nasara ce babba, sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa na'urar ta sha kimanin megajul 300 na lantarki, kuma gilashinta na bukatar sa'o'i kafin ya huce. A ganina, gyara na haƙiƙa yana wajen sanyaya gilashi da musanya tsofaffin fitilun da ke ba gilashin ƙarfi da fitilun diyod, domin ƙarfin da ba ya maimaituwa da sauri ba ya haskaka gida ko ɗaya. Ta fuskar ƙarfin walƙiya kuwa, lezar Romaniya ta kai fetawat 10, Ingila kuma tana ɗaga lezarta mai suna Vulcan zuwa 20.

Rabonmu

Ba wanda zai gina irin waɗannan a Tibiri. Amma ƙaramar leza da ake ɗauka a hannu, idan aka harba ta kan ɓarɓashin ƙasa, takan tayar da ɗigon filasma wanda launin haskensa ke bayyana ƙarfe da alli da gishirin da ke ciki, kuma da wannan hikima motar Curiosity ke tantance duwatsun duniyar Mirrihi tun 2012. Masu noman rani a Dallol Mauri suna da haƙƙin sanin gishirin ƙasarsu kafin su zuba iri. Ina roƙon Jami'ar Doso da Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai su nemi wannan na'ura, su horar da 'ya'yan Arewa a kanta.