Daga Kifin Rijiya zuwa Tamfol: Tarihin Kiwon Kifi a Ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan

Ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan ƙasar noma ce, wadda aka fi sani da rake da masara da tumatir. Ruwanta na rafuka ne da fadamu da kududdufai, masu cika da damina su janye da rani. Wannan hali na ruwa shi ya zaɓa wa mutanen yankin kifinsu tun kafin a san kiwo.

A da, su sana'ar rani ce. Idan ruwa ya ja baya, kifi ya taru a gurbi, sai masunta su shiga da koma da mali da fatsa, bisa izinin Sarkin Ruwa. Abin da aka fi kamawa shi ne tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, sai gaiwa. Ita gaiwa hunhu gare ta. Idan tafki ya ƙafe takan nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta kwanta watanni har ruwan sama ya dawo, shi ya sa akan haƙo ta da fartanya a busasshiyar fadama. Tarwaɗa ma tana da wata gaɓa a bayan kanta da take shaƙar iska da ita, don haka tana rayuwa a ruwan da zai kashe karfasa.

Saboda wannan juriya ne akan jefa tarwaɗa ɗaya ko biyu a rijiya don su cinye ƙwari da tsutsotsi. Daga nan Hausawa suka samo kalmar kifin rijiya, wadda ake faɗa wa mutumin da bai san abin da duniya ke ciki ba. Ajiye tarwaɗa a rijiya wani salo ne na kiwon kifi a cikin gida.

Kiwo na zamani ya soma a Arewa da gonar kifi ta Panyam da ke Filato, wadda aka fara ginawa a 1951, inda aka yi kiwon wani kifi da aka kawo daga Turai tare da karfasa. Bayan kammala madatsar Kainji a 1968, binciken kifi ya kafu a Sabuwar Busa. Gwaji ya nuna aibin karfasa a ƙaramin ruwa: tana hayayyafa da wuri, tafki ya cika da ƙanana da ba sa girma. Da aka ƙware wajen ƙyanƙyasar tarwaɗa ta hanyar yi wa uwar allura, sai ta mamaye sana'ar a duk Nijeriya.

Daga baya kiwon ya baro bakin fadama ya shigo tsakar gida, a tankin siminti, da na roba, da tamfol. Mai kiwo yakan sayo 'ya'yan kifi masu tsawon ɗan yatsa, ya ciyar da su abincin buhu mai yawo a saman ruwa, yana sauya ruwan idan ya fara wari. Dole ya riƙa ware manya daga ƙanana, domin tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta. Cikin wata biyar zuwa shida takan kai kilo guda, a sayar da ita ɗanya ko a yi banda. Ruwan da aka zubar kuma taki ne ga lambu.

Kifin ado na akwatin gilashi baƙon abu ne da ya zo ta birane irin su Zariya da Kaduna da Kano. Wasu daga cikin kifayen da ake ƙawata ɗakuna da su a Turai da Amurka, kamar ƙurungu, daga kogunan Nijeriya ake fitar da su ta Legas. A gilashi ko a tamfol, ƙa'idar da masunta suka koya a fadama ita ke aiki: ƙaramin ruwa yana ɗaukar kifi mai jure ƙarancin iska, wanda girmansa ya dace da wurin, kuma ba a haɗa shi da wanda zai haɗiye shi.