Majigi, Silima da Mizanin Masu Kallo a Kudancin Sakkwato

Wanda duk ya bi hanyar da ta fita daga Sakkwato ta nufi Jega, ya ratsa Bodinga da Shagari har ya sauka Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya kafa ribaɗi, ko kuwa ya karkata zuwa Kebbe, zai iske mutane waɗanda tun kafin na'urar Turawa ta haska bango sun saba da hikaya, sun san labarin Wali Ɗanmarina da na mayaƙan jihadi, suna da mizanin da suke auna jarumi da shi, da wanda suke auna mace ta gari. Da wannan mizani suka tarbi hoto mai motsi, kuma da shi ya kamata a fahimci abin da suka so da abin da suka ƙi.

Hoton farko da talakan ƙauye ya gani ba na kasuwa ba ne, na hukuma ne. Tun da Ingila ta kafa sashen shirya finafinan mulkin mallaka a 1939, sai motar majigi ta riƙa zagaya garuruwan hakimai, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan sallar isha'i, maza gefe, mata da yara gefe, mai fassara yana bayani da Hausa a kan tsabta, ko noman auduga da gyaɗa, ko ziyarar wani babba. Da yake ƙarƙashin inuwar sarauta ake yin ta, kuma kyauta, malamai ba su tsananta inkari ba. Gidan silima kuwa hukuncinsa daban ne. An buɗe Rex a Kano a 1937, amma mutumin kirki bai yarda a gan shi a ƙofarsa ba. Da gobara ta cinye silimar El Duniya ta Kano ranar 13 ga Mayu, 1951, mutum 331 suka rasu, da yawa daga jama'a suka ɗauki abin ishara ce daga Ubangiji.

Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba Hausawa har a wajen kallo. A ɓangaren Ingila 'yan kasuwar Lebanon suka kawo finafinan Amurka, sa'an nan na Indiya, waɗanda suka sami karɓuwar da babu irinta, domin mai kallo ya ga auren tilas, da biyayyar iyaye, da budurwa mai sunkuyar da kai, ya ce lalle waɗannan sun san kunya. Finafinan Faransa kuwa harshensu suka bi, suka sauka Yamai da Maraɗi da Damagaram, inda ɗan makaranta ke jin Faransanci.

Cikin finafinan Faransa na soyayya da takobi da suka shahara akwai Angélique, wanda Bernard Borderie ya shirya a 1964 daga littafin Anne da Serge Golon, aka yi masa kashi biyar har zuwa 1968. Labarin wata 'yar talakan basarake ne a zamanin Sarki Luwi na 14, wadda aka aurar da ita ba da sonta ba ga wani attajiri gurgu mai tabo a fuska, ta ƙi shi da fari, daga baya ta gane ilminsa da karamcinsa ta so shi, sai sarki ya yi hassadar dukiyarsa, aka tuhume shi da sihiri, aka yanke masa hukuncin ƙonewa. Masu sharhi na jaridun Paris sun raina fim ɗin, alhali kuwa talakawa sun yi tururuwa, kusan mutum miliyan 3 suka shiga kallon kashi na farko a Faransa kaɗai, kuma har yau gidajen talabijin nasu ba su daina maimaita shi ba.

Ni dai a ganina, idan aka ɗora wannan labari bisa mizanin mutumin Tambuwal, rabinsa zai rinjaya, rabinsa ya faɗi. Auren da aka fara da ƙi aka ƙare da ƙauna, da sarkin da ya zalunci bawansa saboda kwaɗayi, da dawakai da suke sukuwa, da matar da ta tsaya kan amanar mijinta bayan kowa ya juya masa baya, duk abubuwa ne da Bahaushe zai jinjina wa, don ya san su a hikayoyinsa da wa'azin malamansa. Amma tsiraicin da aka mai da shi jarin fim ɗin, ba uban da zai zauna ya kalle shi tare da 'ya'yansa. Abin da ya fi wannan ciwo kuwa shi ne kashi na ƙarshe, inda aka kai ta fadar sarkin birnin Miknas, wanda a littafin shi ne Mulai Isma'ila, Sarkin Maroko da ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727, aka siffanta ƙasar Musulmi tamkar ba kome a cikinta sai kasuwar bayi da bulala da ƙwaraƙwarai. Ba na cewa sarkin nan ba shi da tsanani, tarihi ya shaida yana da shi. Amma wanda ya taso a ƙasar da Abdullahin Gwandu ya wallafa littattafan fiƙihu da tafsiri, ya san cewa an ɓoye rabin gaskiya da gangan.

Fim ɗin da ya fi kusa da mu ya zo ne daga baya. A 1986 Med Hondo, mutumin Muritaniya mazaunin Faransa, ya shirya Sarraounia daga littafin Abdoulaye Mamani na Nijar, a kan Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Arewa wajen Dogon Dutsi, wadda ta yi tsayin daka gaban rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilu 1899. Rundunar nan ce ta ƙone Birnin Ƙonni a watan Mayu na shekarar, ta hallaka jama'a masu yawa, a nan ƙofar Sakkwato, kafin sojojinta su juya su kashe jagororin biyu a watan Yuli. A Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987, amma a gidajen silima na Faransa bai daɗe ba, gama ba kowace al'umma ke son a haska mata laifin kakanninta ba. Shi ma Basakkwace zai sami abin jayayya a ciki, domin an nuna Musulmin maƙwabta suna ƙyamar Sarauniya saboda addininta na Azna. To amma jayayya ce a kan tarihinmu, tsakanin mutanen da abin ya shafa.

Yau motar majigi ta zama tarihi, gidajen kallo da wayar hannu sun maye gurbinta, samarin Kebbe da Tambuwal suna kallon finafinan Kano da fassarar na Indiya. Ina kira ga masu ilmi da masu hali na wannan yanki da su haɗa kai da masu sana'ar fim, a rubuta labarin ribaɗin Tambuwal da na mutanen da suka tsare shi, a tambayi dattawan da suka rage tun suna da rai, a shirya shi da Hausa bisa inganci da adalci.