Hubert Ogunde: Ɗan Sandan da Ya Mayar da Dandamali Sana'a

A shekarar 1946 wani ɗan sanda a Legas ya tuɓe kakinsa, ya bar albashin da gwamnati ke ba shi duk ƙarshen wata, ya ce daga ranar da wasan kwaikwayo zai riƙa ciyar da kansa. Sunansa Hubert Ogunde. A wancan zamani mutane da yawa sun ɗauki wannan mataki ganganci, domin wasan dandamali na zamani abu ne da malaman makaranta da akawuna ke yi bayan sun tashi daga aiki, ko don nishaɗi ko don tara wa coci kuɗi. Samun wanda zai jingina tukunyar gidansa da kuɗin shigar 'yan kallo baƙon abu ne.

An haifi Ogunde a 1916 a garin Ososa, kusa da Ijebu-Ode, cikin Jihar Ogun ta yau. Mahaifinsa ma'aikacin coci ne, kakansa na wajen uwa kuwa bokan Ifa ne. Saboda haka ya tashi kunnensa ɗaya na jin waƙoƙin coci, ɗayan na jin kiɗan gargajiyar Yarabawa. Ya fara da koyarwa, sannan ya shiga aikin ɗan sanda a 1941. A 1944 cocinsu na ɗariƙar Aladura ya ɗauki nauyin wasansa na farko, wanda ya gina a kan labarin Adamu da Hauwa'u, aka nuna shi a zauren Glover da ke Legas. Karɓuwar da wasan ya samu ta sa ya kafa ƙungiyarsa, African Music Research Party, a 1945.

Ƙasar Yarabawa ta daɗe da 'yan wasan yawo da ake kira Alarinjo, masu rufe fuska suna bin gari gari. Abin da Ogunde ya kawo sabo shi ne tsari: zaure mai ƙofa, tikiti, talla a jarida da jikin bango, da 'yan wasan da ba su da wani aiki sai wannan, ana biyan su lada. Tun da gari ɗaya ba zai cika zaure kullum ba, sai ya loda mutanensa da ganguna da kayan ado a babbar mota, ya riƙa zagaya Nijeriya, har ya tsallaka zuwa ƙasar da ake kira Gana a yau.

Cikas na farko daga gidajen mutane ya fito. Iyaye ba su yarda 'ya'yansu mata su hau dandamali ba, domin ana ganin 'yar wasa ba ta da mutunci, kuma wadda ta shiga ƙungiya takan bar ta da zarar ta yi aure. Ogunde ya warware wannan ta hanyar auren da yawa daga cikin 'yan wasansa, har ƙungiyar ta zama gida guda, matansa da 'ya'yansa su ne ginshiƙinta. Ana iya sukar wannan dabara, amma tana nuna yadda al'umma ke kallon sana'ar a lokacin.

Cikas na biyu ya fi girma, wato hukuma. Wanda ke cin abinci daga aljihun talakawa dole ya yi maganar da ke damun talakawa. Bayan yajin aikin gama-gari na 1945, Ogunde ya shirya wasan Strike and Hunger, a kan yajin aiki da yunwa, 'yan sandan Turawan mulkin mallaka suka hana shi nunawa a Jos. A watan Nuwamba na 1949 'yan sanda suka harbe ma'aikatan haƙar kwal 21 a Iva Valley, kusa da Inugu. Ogunde ya mayar da wannan ta'asa wasa mai suna Bread and Bullet, shi ma aka hana shi a Kano. Tsohon ɗan sanda ya zama wanda 'yan sanda ke jira a ƙofar zaure.

Samun 'yancin kai a 1960 bai kawo ƙarshen wannan ba. Rikici ya raba jam'iyyar Action Group tsakanin Obafemi Awolowo da Samuel Ladoke Akintola, aka ɗaure Awolowo a 1963. A 1964 Ogunde ya fito da Yoruba Ronu, ma'ana Yarabawa ku yi tunani, labarin wani sarki da mataimakinsa ya ci amanarsa. Kowa ya gane inda aka dosa. Gwamnatin Akintola ta haramta wa ƙungiyar yin wasa a duk Jihar Yamma, wato inda mafi yawan masu jin harshensa suke. Ga mai wasan sha'awa wannan ɓacin rai ne kawai. Ga wanda ke ɗauke da iyali da ma'aikata kuwa, toshe hanyar abinci ne. Ogunde bai janye ba. Ya mayar da martani da wani wasan, Otito Koro, wato gaskiya ɗaci gare ta, ya ci gaba da wasa a Legas da sauran sassan ƙasar. Sai bayan juyin mulkin Janairu 1966 gwamnan soja Adekunle Fajuyi ya ɗage haramcin.

Daga nan ƙasar da ta hana shi wasa ta fara alfahari da shi. Ƙungiyarsa ta wakilci Nijeriya a bikin baje koli na duniya a Montreal, ƙasar Kanada, a 1967. Da ya ga hankalin 'yan kallo ya karkata zuwa silima, sai ya bi su can da fina-finai irin su Aiye da Jaiyesimi. A 1986 gwamnatin tarayya ta ɗora masa aikin haɗa ƙungiyar wasa ta ƙasa. Ya rasu a Landan ranar 4 ga Afrilu 1990, jim kaɗan bayan ya fito a fim ɗin Mister Johnson.

Hanyar da ya share ta zama titi. Kola Ogunmola da Duro Ladipo da Moses Olaiya, wanda aka fi sani da Baba Sala, duk sun kafa ƙungiyoyin yawo, kuma daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi ne fina-finan Yarabawa na bidiyo suka samo 'yan wasansu na farko. Matashin da ke son ya rayu da dandamali a yau zai ga a tarihin nan cewa murya da iya rawa ba su ne suka riƙe Ogunde shekara arba'in da huɗu ba. Abin da ya riƙe shi shi ne ya iya lissafin kuɗin mota da na zaure, ya biya mutanensa, ya san abin da ke ran 'yan kallonsa, ya kuma jure ranar da hukuma ta rufe masa ƙofa.