Fi

fi (aikatau): zarce wani abu a yawa, kyau, girma ko farashi. Da shi Bahaushe ke kwatanta kaya. Ana fara ambaton abin da ya zarce, sai fi, sai abokin gwajinsa, siffa ta zo ƙarshe: "Albasar Malanville ta fi ta Kwatano araha." Korewa: bai fi ba, ko bai kai ba. Daidaito: ya kai. Ƙololuwa: mafi, ya fi duka.

A kasuwar dabbobi ta Guéné, kudu da Malanville, kalmar ba ta barin bakin dillali: "Alhaji, wannan bijimin ya fi wancan ƙiba, amma bai kai shi tsada ba."

Yaran yankin da Faransanci suke karatu, amma mai sayayya a Legas yana buƙatar Turancin ciniki. Turanci kuwa siffar yake sauyawa: cheap ta koma cheaper, doguwar kalma kamar expensive ta ɗauki more a gabanta, sannan than ta biyo. Nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, domin sukan haɗa more da cheaper, abin da nahawun bai yarda da shi ba.

Duba: araha, tsada, kai, gara.